Yadda ake samun sautin ganga mai girma da zurfi a situdiyo

Tambaya: Ina da saitin ganguna na zamani: gangar ƙafa mai faɗin inci 22, siniya (ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta), tom biyu (ganguna marasa wayoyi) da simbal (faya-fayan ƙarfe). Ɗakin mita 5 ne da mita 4, silin wajen mita 2.7, na'urar naɗata kuma tana ɗaukar makirufo takwas. Idan ana kiɗa a ɗakin har a ƙirji nake jin gangunan, amma da na kunna abin da na naɗa sai in ji kamar kwali ake duka. In na ƙara bes, wato sautin ƙasa, a ikwalaiza, na'urar ɗagawa ko rage wani sashe na sauti, sai sautin ya dagule. Ta yaya ake samun gangar nan mai girma da zurfi?

Amsa: Malam, ajiye ikwalaizar tukuna, domin ba ta iya ƙirƙiro abin da bai shiga makirufo ba. Idan gangar ƙafarka ba ta fitar da wani amo mai tsawo a wajen Hz 60 (Hz shi ne adadin kaɗawar sauti a daƙiƙa), to ɗaga wurin da dB 10 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) gurnanin ɗaki da rawar sandar makirufo kawai zai ɗago maka, dagulewar da kake ji ke nan. Abu biyu kake nema, kuma kowanne da inda yake fitowa. Zurfi daga gangar kanta yake, daga yadda fatunta biyu ke ci gaba da kaɗawa bayan duka. Girma kuwa ɗaki ke ba da shi, wato abin da bango da silin ke dawo da shi bayan 'yan milisakan (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Makirufon da aka cusa har bakin fata yana jin dukan ne kawai, ba ya jin ko ɗaya daga cikin biyun sosai.

Ga wani ɗan lissafi da zai bayyana maka rabin matsalar. Sautin Hz 60 yana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ke nan kowace kaɗawa tana cin kusan milisakan 17. Idan ka cika gangar ƙafa da filo da barguna har amonta na mutuwa cikin milisakan 50, kaɗawa uku kacal ka bari. Kunne bai samu lokacin da zai ji nauyinta ba, sai "ɗaf" ɗin gudumar feda ya rage. Ganga mai zurfi tana bukatar wutsiya ta milisakan 150 zuwa 300, gwargwadon saurin waƙar. Saboda haka aikin farko shi ne ka kwashe duk abin da ke cikinta, ka mayar da tawul ɗaya naɗaɗɗe ko ƙaramin filo, yana ɗan taɓa fatar duka daga ƙasa, wajen faɗin tafin hannu. In ƙugin ya yi yawa ka matsar da shi ya ɗan taɓa fatar gaba ma. Daga babu ake farawa a riƙa ƙarawa.

Sai fatu. Tsohuwar fata da ta lotsa a tsakiya ba ta ɗauruwa daidai ko wa ya ɗaure ta, kuma ita ce abu mafi araha da za ka canja ka ji bambanci nan take. A tom, fata mai ninki biyu irin Remo Emperor ko Evans G2 ta fi mai ninki ɗaya kauri da ƙarancin ƙarar sama. A gangar ƙafa, Powerstroke 3 ko EMAD suna da zobe a gefe wanda ke rage ƙugi ba tare da kashe sautin ƙasa ba. Fatar gaba kada ka cire ta. Ita ke riƙe iskar da ke cikin gangar ta mayar da ita, kuma yawancin nauyin da kake nema a wurinta yake. In za a huda ta don makirufo, huda ta inci 4 zuwa 5 a gefe ta isa. Babbar huda a tsakiya kusan daidai take da babu fatar.

Ɗaurin fata ne mutane suka fi yin kuskure a kai, domin suna zaton sassauci shi ne zurfi. Ɗora fatar, ka juya duk sukurorin da yatsa har su tsaya. Sa tafin hannu a tsakiya ka danna, za ka ga fatar ta yamutse a gefe. Da makulli ka riƙa ƙara kwata-kwatan juyi, wannan sukuru sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, har yamutsewar ta ɓace. Daga nan ka ƙara kwata ɗaya ko rabi. Ɗan ƙwanƙwasa fatar wajen santimita 3 daga kowane sukuru, ka daidaita har muryoyin su zama ɗaya. Kowace ganga tana da wurin da take buɗe murya, kuma wurin yana sama kaɗan da inda fata ta daina yamutsewa. In ka sauka ƙasa da nan fatar ba ta iya tura iska, sai ka ji "falaf" babu jiki. Ganga mai inci 22 takan zauna tsakanin Hz 50 da 70, tom ɗin ƙasa mai inci 16 wajen 65 zuwa 85, siniya mai inci 14 wajen 170 zuwa 220. Fatar ƙasa ta tom ka ɗaure ta fiye da ta sama kaɗan: muryar takan ɗan sunkuya bayan duka, kuma sunkuyawar nan tana sa a ji gangar ta fi girmanta. Idan wata ƙara ta dame ka, ɗan guntun tef ko jel a gefen fatar ya wadatar. Walat ko tawul a kan tom sauti ne na daban, busasshe, mai kyau a wurinsa, amma ba shi ka tambaya ba.

Makaɗin ma yana da nasa kaso, kuma wannan magana ce da ba kowa ke son ji ba. Dukan ƙarfin tsiya ba ya ƙara nauyi. Bayan wani mataki fatar ta riga ta ba da iyakar abin da za ta bayar, ƙarin ƙarfi ƙarar sanda kawai yake ƙarawa, sai ka rage na'ura don kada ta fashe, jikin gangar ya ragu tare da ita. Duka matsakaici a tsakiyar fata, na'ura a buɗe, ya fi fitar da kauri. A gangar ƙafa, in makaɗi yana barin gudumar feda manne da fata bayan duka to ya toshe bakin gangar da kansa. Ya bari ta dawo. Guduma mai laushi ta fi ta roba ko ta katako taushi da nauyi. Abu mafi muhimmanci kuwa shi ne simbal. Makirufon ɗaki da kwamfiresa (na'urar da ke danne sauti mai ƙarfi don mai rauni ya taso), waɗanda su ne za su ba ka girman, suna ɗago simbal fiye da komai. Makaɗin da ke dukan ganguna da ƙarfi yana shafar simbal a hankali ya gama maka rabin haɗin sauti tun kafin ka zauna. In hannunsa ba ya tausasuwa, a sa simbal masu sirara da duhun murya, ko a naɗi ganguna daban simbal daban.

Yanzu ɗakinka. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna akwai muryar da ke taruwa, ana samunta ta raba 343 da ninkin nisan bangayen. Mita 5 ta ba ka Hz 34, mita 4 ta ba ka 43, silin mita 2.7 ya ba ka wajen 64. Ka lura da na ƙarshen nan, domin daidai inda gangar ƙafarka take yake. Irin wannan murya tana da ƙarfi a jikin bango, tana kusan ɓacewa a tsakiyar tazarar. Ma'ana, a tsayin mita 1.35 daga ƙasa, wato daidai inda mutum zai tsayar da sandar makirufo ba tare da tunani ba, Hz 64 ya fi rauni a ɗakin naka. Sauke makirufon ɗakin zuwa santimita 30 ko 40 daga daɓe, za ka ji nauyi ya dawo, simbal kuma ta ja baya. Haka nan tsakiyar ɗaki tsaf ba wurin ajiye ganguna ba ne, ba kuma wurin makirufo ba. Ɗauki tom ɗin ƙasa ka zaga da shi kana duka, inda ka ji ya cika ɗakin nan za ka kafa saitin. Sau da yawa wurin yana kusa da bango ɗaya ko yana fuskantar ɗakin daga kusurwa. Kada dai ka shige cikin kusurwar gaba ɗaya, a can nauyin yakan wuce kima ya koma gunji.

Soson da ake mannawa a bango, mai kaurin santimita 3 ko 5, sautin sama kawai yake sha. Idan ka lulluɓe ɗaki da shi ka kashe hasken ɗakin ka bar gunjin Hz 200 zuwa 400, wanda shi ne ainihin abin da ka kwatanta a tambayarka. Abin da ke aiki shi ne audugar gini mai nauyi irin rokwul, kaurin santimita 10 zuwa 15, a tsaye a kusurwoyi da ɗan sarari a bayanta, da wani faifai a silin daidai saman gangunan. Silin ɗinka gajere ne, yana dawo da sauti cikin makirufon sama a 'yan milisakan, abin da ke sa simbal ta yi wata irin muryar bututu. Sauran bangon ka bar masa rai. In kafet ya rufe ko'ina, shimfiɗa filawud ɗaya ko biyu a gaban gangar ƙafa.

Game da irin makirufo ba zan daɗe ba, domin wurin da ka ajiye shi ya fi sunansa tasiri. AKG D112, Shure Beta 52A, Audix D6 da Electro-Voice RE20 duk suna yi a gangar ƙafa. SM57 a siniya, MD421 ko makamancinsa a tom. Mai ribon, wato mai siririn zirin ƙarfe a ciki, irin Coles 4038 ko Beyerdynamic M160 yana tausasa simbal, shi ya sa ake son sa a sama da ɗaki, amma kada a sa shi daidai hudar gangar ƙafa, iskar da ke fitowa tana iya lalata shi.

A gangar ƙafa yi amfani da biyu. Ɗaya a ciki, santimita 10 zuwa 15 daga fatar duka, ba daidai gudumar ba, ɗan gefe, don ya kamo dukan. Na biyu a waje, makirufo nau'in kondensa mai babban faifai in kana da shi, santimita 20 zuwa 60 daga fatar gaba, nesa da hudar. Na wajen ne mai nauyin. Za ka ji ana cewa wai sautin ƙasa sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya "nuna", don tsawon zangon Hz 60 ya kai mita 5.7. Ba haka abin yake ba, in da haka ne hedifon ba zai taɓa fitar da bes ba. Dalilin da na wajen ya fi nauyi shi ne yana jin fatar gaba gaba ɗayanta da jikin gangar da ƙasan ɗakin a haɗe. In simbal na shiga masa da yawa, jera kujeru biyu a gaban gangar ka rufa bargo mai kauri ya zama rami, makirufon a ciki. Akwai kuma tsohuwar dabarar juya lasifika mai inci 6 zuwa 8 ta zama makirufo, a rataye ta santimita 5 zuwa 10 daga fatar gaba. Ba ta jin komai sai ƙasa da Hz 100, kuma siginarta tana da ƙarfi, sai an rage ta da dB 20 ko fiye kafin ta shiga na'ura.

A siniya da tom, ja makirufon baya kaɗan. Yatsu uku daga bakin gangar, yana kallon tsakiyar fata, ya fi wanda ke kusan taɓa fatar yana kallon gefe, domin gefen fata ƙarar sama ce ta fi yawa a can.

Makirufon sama kada ka ɗauke su a matsayin na simbal. Su ne hoton saitin duka. Tsarin da ake jingina wa injiniyan naɗi Glyn Johns yana da kyau a ɗaki mai gajeren silin: ɗaya wajen mita 1 a saman siniya yana kallon ƙasa, ɗaya a gefen tom ɗin ƙasa, ɗan sama da bakinsa, yana kallon siniya. Sharaɗin shi ne nisan kowannensu daga tsakiyar siniya ya zama ɗaya. Auna da tef ko igiya, kada ka yi da ido. Kuma kada ka yanke musu sautin ƙasa har Hz 400 ko 500 kamar yadda wasu ke yi don tsabta, domin jikin tom da siniya a nan yake.

Ga abin da ya fi kashe wa mutane ganga ba su sani ba: saɓanin isowar sauti tsakanin makirufo, abin da masu aikin ke kira fes. Sauti yana cin santimita 34 a milisakan ɗaya. Makirufon siniya yana santimita 5 daga fata, na sama yana mita 1.2. Tazarar ta kai milisakan 3.4, kuma idan ka haɗa su akwai muryar da ɗaya ke turawa daidai lokacin da ɗaya ke ja, sai su cinye juna. A wannan tazarar muryar farko da ke faɗuwa tana wajen Hz 150, dab da jikin siniyar. Kowanne shi kaɗai yana da kauri, a haɗe sun sirance. Da makirufo takwas irin wannan saɓani ya yi yawa, shi ya sa sau tari naɗin makirufo uku ya fi na takwas girma.

Maganinsa aiki ne na haƙuri. Mayar da sauraronka mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya. Buɗe na sama biyu kaɗai, ka tabbatar siniya ta tsaya daram a tsakiya da kaurinta. Ƙara na wajen gangar ƙafa, ɗaga shi har ƙarfinsa ya yi daidai da yadda ake jin gangar a na sama, sannan danna maɓallin juya fuska, mai alamar da'ira da aka ratsa da layi. Matsayin da ya fi nauyi shi za ka bari. Yi haka da na ciki, da siniya, da kowane tom, da na ɗaki, ɗaya bayan ɗaya. Makirufon ƙasan siniya kusan kullum sai an juya shi, domin lokacin da fatar sama ke gudun makirufonta, ta ƙasa tana tunkarar nata. In ka juya ka ji babu bambanci sosai, ko duka biyun ba su gamsar ba, to maɓallin ba zai raba gardamar ba: tashi ka matsar da makirufon santimita 10 ka sake gwadawa. A misalin siniyar nan, juyawar za ta dawo da Hz 150 amma ta buɗe wani rami a wajen 300, don haka da kunne ake zaɓa. A kwamfuta kana iya faɗaɗa zanen sautin ka ja layin makirufon kusa har farkon dukansa ya dace da na sama. Wannan yana ƙara ƙarfi da tsayuwa. Amma kada ka ja na ɗaki su dace, jinkirinsu shi ne girman da kake nema.

Makirufon ɗaki ne za su ba ka mamaki. Gangunan John Bonham, makaɗin ƙungiyar Led Zeppelin, da har yau ake misali da su, a kundin ƙungiyar na 1971, akwai waɗanda injiniya Andy Johns ya naɗa a zauren benen wani gida mai suna Headley Grange a Ingila da M160 guda biyu rataye daga matakala, aka matse su da kwamfiresa aka ƙara amsa-kuwwa ta na'urar Binson Echorec. Babu makirufo a bakin kowace ganga. Ba ka da zaure mai tsawon bene, amma kana da ƙofa. Buɗe ta, ka sa makirufo ɗaya a korido ko ƙasan matakala ko wani ɗaki mai busasshen bango, mita 4 zuwa 8 daga gangunan. A can dukan kai tsaye ya yi rauni, simbal ta dushe, abin da ya rage shi ne ruri mai jiki. A cikin ɗakin kuma, juya wa gangunan baya da makirufon, ya kalli bango ko kusurwa, don ya fi jin abin da ke dawowa. In duk da haka ɗakin yana jin ƙanƙanta, jinkirta layin da milisakan 10 zuwa 20. Milisakan 15 daidai yake da ja da makirufon baya mita 5. Wuce 30 zuwa 40 kuwa sai a fara jin duka biyu. A kafofinka takwas zan raba haka: biyu gangar ƙafa, ɗaya siniya, biyu sama, ɗaya tom ɗin ƙasa, ɗaya ɗaki, ɗaya korido. Ƙaramin tom na sama sun ishe shi.

Kafin ka danna naɗi, duba abu uku masu saurin mantuwa. Maɓallin yanke sautin ƙasa, wanda yawanci ke yanka daga Hz 75 ko 80, ya kasance a kashe a jikin makirufo da na'ura, ban da inda ka sa shi da gangan. Saita na'urar naɗin a bit 24, duka mafi ƙarfi ya tsaya wajen dB 10 ƙasa da sifili, domin allon awo ba ya saurin nuna tsinin duka kuma makaɗi yakan ƙara ƙarfi in waƙa ta yi zafi. Na uku, sandunan makirufo kada su taɓa ganga ko ƙarfen simbal.

Yanzu ne ikwalaiza ke da amfani, kuma ragi ya fi ƙari aiki. A gangar ƙafa nemi gunjin da ke tsakanin Hz 250 da 500 ka rage dB 3 zuwa 6. Da zarar ya tafi za ka ji ƙasan ya bayyana ba ka taɓa shi ba. In ana bukata, ƙara dB 2 zuwa 4 mai faɗi daidai muryar gangar, ba inda wani jadawali ya ce ba, da ɗan kaɗan a 3,000 zuwa 5,000 don dukan ya fito. Yanke ƙasa da Hz 30, babu komai can sai abin da ke cinye ƙarfin lasifika. Tsohuwar ikwalaizar Pultec EQP-1A da kwaikwayonta na kwamfuta suna da dabarar ɗagawa da ragewa lokaci guda a 60, wadda ke ba da nauyi ta kuma buɗe ɗan rami sama da shi. A siniya jiki yana 150 zuwa 250.

Kwamfiresa kuwa tana iya girmama ganga tana iya ƙanƙantar da ita, ya danganta da saurin kamunta. A makirufon kusa, bari kamun ya yi jinkirin milisakan 10 zuwa 30 don dukan ya wuce kafin ta danne, matsi 4 bisa 1, ragi dB 3 zuwa 5. Saurin kamu yana cinye dukan, ganga ta koma baya. Sakinta kuma a auna shi da waƙar: raba 60,000 da adadin bugu a minti, ka samu tsawon bugu ɗaya. A bugu 120 milisakan 500 ne, a 90 kuma 667. Allurar ta dawo sifili dab da duka na gaba. Saki mai gaggawa ƙwarai, ƙasa da milisakan 30, yana bin kaɗawar sautin ƙasa ɗaya-ɗaya ya gurɓata ta. Geit, na'urar da ke rufe layi in sauti ya yi ƙasa, ma haka: in yana rufewa da wuri ya datse wutsiyar da ka sha wahalar samu. Ba shi riƙo na milisakan 100 da saki na 200, kuma ragin dB 10 zuwa 15 ya isa, ba sai shiru gaba ɗaya ba.

A layin ɗaki da korido ne ake sakin hannu. Nan saurin kamu ake so, irin na kwamfiresar 1176 wadda ke kamawa cikin ƙasa da milisakan ɗaya, a matse dB 10 zuwa 15, saki da sauri, har ka ji ɗakin yana numfashi tsakanin duka da duka. Shi kaɗai ba shi da daɗin ji. Sauke shi ƙasa, ka riƙa ɗagowa a ƙarƙashin sauran har gangunan su cika, sannan ka ɗan rage. In simbal ta yi tsawa, rage sama da Hz 6,000 kafin kwamfiresar, ko ka sa geit a layin ɗakin wanda siniya da gangar ƙafa ke buɗewa. Wannan dangin sautin da injiniya Hugh Padgham ya shahara da shi ne a situdiyon Townhouse na Landan wajen 1980. Irin wannan matsi kana iya yi wa kwafin gangunan duka ka cuɗa da na asali. Ribab na kwamfuta, wato amon ɗaki na ƙirƙira, in za ka sa, nau'in ɗaki ko na faranti mai tsawon daƙiƙa 0.8 zuwa 1.5, jinkirin farko milisakan 20 zuwa 30, a yanke masa ƙasa da Hz 200. Siniya da tom za ka tura masa, gangar ƙafa kaɗan ko babu.

Akwai iyaka da waƙar kanta ke sawa. Waƙa mai sauri da duka a jere ba ta da sararin doguwar wutsiya, kowane duka zai hau kan na baya. Kuma gangar ƙafa da jitar bes ba za su mallaki Hz 60 tare ba. Zaɓi wanda zai zauna a can ƙasa, ɗayan ya hau 90 zuwa 120, ko ka sa gangar ta riƙa danne bes ɗin dB 2 zuwa 3 a kowane duka. Piyano da jita da sauran kayan da ba su da aiki a ƙasa da Hz 100 a yanke musu.

Saura yadda za a ji ta a ƙaramar lasifika. Ta waya ba ta fitar da Hz 60 ko kusa, amma in akwai 120 da 180 da 240, kunne yakan cike gurbin muryar ƙasan da kansa. Ɗan gurɓatawa irin ta tef ko ta bawul a kwafin gangar ƙafa tana haifar da waɗannan. Tura kwafin, yanke masa ƙasa da 100 da sama da 1,000, ka cuɗa har gangar ta bayyana a waya, ka duba fes ɗinsa da na asali kamar yadda ka yi wa makirufo. Lasifikar situdiyo mai inci 5 ma ba ta nuna abin da ke ƙasa da 50 da gaskiya, kuma kujerarka tana iya kasancewa a ramin muryoyin ɗakin nan da muka lissafa. Saboda haka kafin ka yanke hukunci a kan ƙasan, saurara a hedifon mai kyau, ka kunna wani naɗi da ka yarda da gangarsa a ƙarfi ɗaya da naka, ka riƙa sauyawa tsakaninsu kowane daƙiƙa goma.